Bayan Dala da Kurmi, ina za ka kai baƙonka?

Duk wanda ya taɓa yin baƙo a Kano ya haddace jerin. Da sassafe a hau Dala, a yi haki, a ɗauki hoto. A gangaro Kurmi a taya hula da turaren wuta. A leƙa marinar Ƙofar Mata, a biya ta Gidan Makama, a tsaya a Ƙofar Kudu a nuna masa fada daga waje. Da yamma a nufi titin Gidan Zoo a sha askirim. Kwana biyu sun ishi wannan duka har da ragowa. A rana ta uku sai a koma ɗaki, kowa ya rungumi wayarsa, mai masauki yana addu'ar kada baƙo ya tambayi inda za a je gobe.

Abin da ya same mu ke nan a hutun zangon da ya wuce. Wani abokinmu da muke karatu tare a Zariya, mutumin Maraɗi, ya ce ba zai wuce gida ba sai ya yi kwana biyar a wajenmu, mu uku 'yan gari. Muka kai shi duk inda aka saba kai baƙo. Rana ta uku muna zaune a ƙofar gida a Gwagwarwa bayan la'asar, sai ya ɗauki butar da muka yi alwala da ita yana jujjuyawa. Ya ce a kasuwar Maraɗi, buta da bokiti da silifa da tabarmar roba da alewa da sabulu, in ka tambayi mai kanti sai ya ce maka kayan Kano ne. To shi dai kwana biyu ana yawo da shi, ya ga inda ake sayarwa, bai ga inda ake yi ba.

Muka kalli juna. A cikinmu babu wanda ba shi da kawu ko baffa ko kaka da ya ci abinci a kamfani. Ɗayanmu ma da kuɗin sallamar mahaifinsa daga masaƙa aka gina gidan da muke zaune a ƙofarsa. Amma babu wanda ya taɓa sa ƙafarsa cikin masana'anta. Kunya ce ta sa muka ce masa gobe in Allah ya kai mu. Abin da muka gani a kwana biyun da suka rage shi muka kawo wa ɗalibai 'yan uwanmu, ko wani zai yi baƙo ya rasa inda zai kai shi.

Da farko dai a san cewa unguwannin masana'antun nan ba a wuri ɗaya suke ba. Bompai tana cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, a nan ma sakatariyar ƙaramar hukumar take. Sharaɗa tana kudu da ganuwa, Challawa kuma can a ƙasar Kumbotso, ta hanyar Panshekara. Wanda ya ce zai haɗa su a yini ɗaya, a cikin Adaidaita Sahu zai ƙare yininsa.

Gidan da aka fara boko

Mun fara da Gidan Ɗan Hausa a cikin GRA ta Nassarawa, kuma da a ce nan kaɗai muka je, da kuɗin motarmu bai tafi a banza ba. Gidan ƙasa ne mai zankwaye, katangarsa ta yi kaurin da kana shiga za ka ji sanyi ya dake ka kamar an kunna na'ura, alhali ko fanka ba ta juyawa. Ka ɗaga kai ka ga yadda aka jera azara aka ɗaure baka, ka tuna cewa magina na wancan lokaci ba su da siminti ba su da rodi. Yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke riƙe da gidan, akwai tsofaffin kayayyaki da hotuna a ciki, kuma ma'aikatan suna zagawa da mutum su yi masa bayani.

Mai gidan shi ne Hanns Vischer, wanda aka haifa a Suwizalan a 1876, daga baya ya zama ɗan Ingila. Ya fara zuwa ƙasar nan ne a matsayin ɗan mishan, sannan ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka. A 1906 ya ratso Sahara da ayari daga Turabulus zuwa Barno. Hausar da ya iya ce ta jawo masa laƙabin Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantar Nassarawa, wadda ake lissafawa a matsayin makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Ƙugiyoyin da muke sa wa ɓ da ɗ da ƙ daga baya suka zo, a shekarun 1930. Watau wannan shafin da kake karantawa, a wannan farfajiyar aka fara yi masa tubali.

Ba mu ce a ɗauki mutumin waliyyi ba. Ma'aikacin 'yan mulkin mallaka ne, makarantarsa kuma an tsara ta ne don ta samar wa Turawa malaman ofis da 'ya'yan sarakunan da za su iya aiki da su. Amma wani abu ya tsaya mana a rai. Ban da ajin malamai da ajin 'ya'yan sarakuna, makarantar tana da ɓangaren sana'a, inda ake koyar da sassaƙa da ƙira da aikin fata. Tun ranar farko boko da aikin hannu a gida ɗaya suka tashi. Mu da muka zo bayan shekara ɗari da ɗoriya, ga mu muna aji uku a jami'a, a cikinmu babu mai iya gyara sakatar ƙofa.

Daga nan sai mu ce a taka da ƙafa, tunda Nassarawa unguwa ce mai inuwar maina da darbejiya. Akwai babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad a titin Ahmadu Bello ga mai son ya huta. Akwai gidan Sarki na Nassarawa, inda aka binne marigayi Sarki Ado Bayero a watan Yunin 2014 kusa da wasu sarakunan da suka gabace shi, sai dai tun da taƙaddamar sarauta ta taso a watan Mayun 2024 wurin ya cika da jami'an tsaro, don haka a nuna wa baƙo daga nesa a wuce, kada a ɗaga waya. In kuwa baƙonka ya zo da Salla a shekarar da aka yi hawa, to maimakon ku matse a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ku jira washegari ku tsaya a bakin hanyar Gidan Gwamnati ku kalli Hawan Nassarawa a sarari, babu mai taka muku ƙafa. Wannan hawan asalinsa gaisuwar Salla ce da Sarki ke kai wa Razdan, da Turawa suka tafi ta koma ta Gwamna. Kuma in kun bi ta wajen filayen wasan dawakai na wannan yanki, ka gaya wa baƙon cewa a irin wannan filin jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka ranar 1 ga Nuwamban 1925 bayan sun taso daga Masar, tun Kano ba ta da filin jirgi.

Bompai: inda jiniya ta yi shiru

Da azahar muka shiga Bompai. Wanda bai san tarihin wurin ba zai ga dogayen katangu ne kawai da manyan ƙofofin ƙarfe da tireloli. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su zauna cikin birni ba, suka kafa barikinsu da ofisoshinsu a gabas da ganuwa, a Nassarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Turawan auduga suka sa rai za a noma musu, manoman Kano suka duba lissafi suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, kuma kamfanonin sayen gyaɗa da fatu suka yi sito-sito a kusa da tasha. Bayan yaƙin duniya na biyu sai wasu 'yan kasuwa, musamman Kwarori, suka ga cewa maimakon a tura gyaɗa Turai ɗanya, gara a matse man a nan. Injinan matsar mai suka fara, majemun zamani suka biyo baya, sai masaƙu, sai masu alewa da turare da langa da fantekar da iyayenmu mata suka yi jere da su. Har keken Raleigh an haɗa a Kano.

Unguwarmu ma ashe 'yar Bompai ce. Gwagwarwa da Tudun Wada da Birget da Dakata sun cika ne da mutanen da suka zo neman aikin kamfani. Wani masani ɗan Amurka, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin Kano a shekarun 1970, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1986. Cikin abin da ya nuna akwai cewa da yawa daga cikinsu gardawa ne da 'yan cirani, waɗanda suka shigo birni da allo a hannu suka ƙare a gaban inji. Da muka gaya wa mahaifin abokinmu wannan, sai ya yi dariya ya ce ai ba sai Bature ya faɗa ba, shi ma da allonsa ya zo daga ƙauye.

Yau kuwa abin ya rabu biyu. Ka bi titin Maimalari za ka ga kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills da motoci a ƙofarsa, ka bi titin Independence ka ji ƙugin inji ta bayan katanga. Amma tsakanin kowace ƙofa mai rai da ta gaba, sai ka wuce wata da tsatsa ta cinye, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Wasu an mai da su sito, abin takaicin ma kayan da aka shigo da su daga waje ake jibgewa a ciki, irin waɗanda dā ake yi a cikin ginin.

A ƙofar wata tsohuwar masaƙa muka tarar da wani dattijo mai gadi a kan benci, da rediyonsa. Muka ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, ya tambaye mu 'ya'yan wane ne, da ya ji ɗalibai ne sai ya matsa mana. Ya ce shi a nan ya fara aiki yana saurayi zamanin Murtala, lokacin ana yin aiki kashi uku ba dare ba rana, kuma in jiniya ta yi kuka titin nan ba ya ratsuwa saboda kekuna. Ya nuna mana inda masu abinci ke jera tukwane, da inda ake biyan albashi ta taga. Bai bar mu mun shiga ba, ya ce ba a ba shi izini ba, mu ma ba mu matsa ba. Amma ya bar mu mun leƙa ta kafar ƙofa. Wani dogon zaure ne da hasken rana ke zubowa ta ɓulallen kwano, an kwashe injinan, sai ƙusoshin da aka ɗaure su da su a ƙasa, layi-layi kamar kunyar gona. Abokinmu da aka gina gidansu da kuɗin sallama ya daɗe a wurin bai ce komai ba.

Dalilan mutuwar ba ɓoyayyu ba ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wuta ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma kan janareta da baƙin mai ko dizal. Sannan atamfa da shadda masu araha daga Sin suka cika Kantin Kwari, ta halal da ta sumoga. Waɗanda suka tsira har yau suna fama: a watan Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, inda masana'antu da yawa suke, ya ninka fiye da sau uku a dare ɗaya. Ana sa rai da bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Baba mai gadi ya ce shi ma ya ji a rediyo.

Wanda ke karantar tarihi a cikinmu ya kawo wani misali da ya dace da wannan zauren. A ƙasar Birazil akwai birnin Salvador a bakin teku, babban birnin jihar Bahiya. Yawancin baƙi rairayin bakin ruwa suke zuwa da tsohuwar unguwar Pelourinho. Amma a gefen ruwan akwai wani tsohon gini, Solar do Unhão, wanda ya yi shekaru yana masana'antar garin taba, daga baya ya zama sito. A farkon shekarun 1960 wata mai zanen gine-gine haifaffiyar Italiya, Lina Bo Bardi, ta gyara shi ba tare da ta rushe ba, ya zama gidan adana zane-zanen zamani, har mutanen gari suna taruwa a farfajiyarsa da yamma su kalli faɗuwar rana. Birnin nan ma ba baƙonmu ba ne: Hausawan da aka kai can bauta sun shirya tawaye a 1807, kuma a watan azumi na 1835 bayi Musulmi, akasarinsu Yarabawa da wasu Hausawa, sun yi babban bore, aka samu layu da takardun Larabci a jikinsu. To in can an iya mai da masana'antar taba wurin ziyara, mene ne zai hana a ware zaure ɗaya a Bompai, a ajiye injin saƙa ɗaya da injin matsar mai ɗaya da keke ɗaya, da katin aiki da hotuna, a zaunar da irin su Baba a naɗi labarinsu tun suna da rai? Mun duba ba mu ga irin wannan wuri a Kano ba. Injinan kuwa 'yan gwangwan suna saye a kilo.

Kafin mu bar Bompai mun ci abinci a bakin wata ƙofa mai aiki, daidai lokacin da masu aikin safe ke fitowa. Wannan ma abin kai baƙo ne. Garau-garau da yaji da mai, ɗanwake, gurasa bandashe, ga mai shayi a gefe. A benci ɗaya za ka ji Hausa da Kanuri da Ibo da Tibi da Turancin buroka, kowa da ƙurar aikinsa a gira. Mai son kayan lambu kuma kasuwar 'Yankaba tana nan kusa a titin Haɗeja, amma ita da asuba take daɗi.

Sharaɗa, da amsar tambayar buta

Washegari muka yi sammako zuwa Sharaɗa, wadda aka yanka kashi uku, ana ce musu Fes Wan da Fes Tu da Fes Tiri. Ita da Challawa sun bunƙasa ne bayan Bompai ta cika, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya shigo. A nan kamfanin Dala Foods yake, masu ganyen shayi da garin kunun tsamiya na leda, da Gongoni masu maganin sauro.

A ƙofar farko da muka ƙwanƙwasa an kore mu, kuma laifinmu ne. Mun zo da silifa, babu takarda, ɗayanmu yana riƙe da waya a sama kamar ɗan jarida. Masana'anta ba gidan kallo ba ce. Wanda ke son shiga ya karɓo takarda daga sashensa ko daga shugaban makarantarsu, ya kai da wuri, ya jira amsa. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana da reshe na Bompai da kuma na Sharaɗa da Challawa, kuma ƙungiyar ɗalibai ta fi mutum ɗaya samun shiga. A sa takalmi rufaffe, 'yan mata su ɗaure mayafi da kyau saboda bel ɗin inji ba ya tambaya, kuma kada a ɗauki hoto sai an ce a ɗauka. Wanda bai samu shiga ba ya jira bajekolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a titin Gidan Zoo wajen ƙarshen shekara, kamfanoni da yawa suna fito da kayansu can.

Mu dai wani yayan abokinmu da ke aiki a wani ƙaramin kamfanin roba ne ya roƙar mana manaja, aka ba mu minti ashirin. A nan baƙonmu ya samu amsarsa. A bayan ginin an tara tsofaffin robobi tsibi-tsibi, waɗanda 'yan jari-bola suka tsinto, an ware su launi-launi. Inji ya farfasa su, a wanke, a shanya, a narka, su fito zare-zare kamar taliya, a sanyaya a ruwa, a yayyanka su ƙanana kamar ƙwayar dawa. Wannan ƙwayar ake zubawa a wani injin tare da launi. Bokiti da kofi, tura narkakkiyar robar ake yi da ƙarfi cikin ma'aunin ƙarfe. Buta kuwa tunda cikinta rami ne, sai robar ta sauko kamar hanji, ƙarfe biyu su rufe ta, a busa mata iska ta kumbura ta kama siffa. Kafin ka ƙirga ashirin ta faɗo, wani yaro ya yanke gefen da reza ya jefa a tari. Aka miƙa wa baƙonmu ɗaya da ɗuminta. Ya riƙe ta da hannu biyu yana dariya, ya ce shekara ashirin yana alwala da abin nan bai taɓa tunanin busa shi ake yi ba.

Muna tsaye wuta ta ɗauke. Kowa ya tsaya cak, yayan ya ruga wajen janareta, domin in roba ta sandare a cikin inji aikin yini ya lalace. Abin da muka karanta a darasin tattalin arziki game da tsadar sarrafa kaya, a minti biyun nan muka fahimce shi.

Challawa: fata da ruwa

Shawararmu ga mai zuwa Challawa ita ce ya fara biyawa ta majemar gargajiya ta Ƙofar Wambai a cikin gari, don ya ga asalin abin. A can har yau ana jiƙa fata a ruwan toka, a kankare gashin, a jeme ta da bagaruwa, a shafa mai, a rina ja da karan dafi. Wannan fatar ce ayari ke ɗauka su ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yawan takalma da jemammun fatun da ake fitarwa daga garin. Fatar da ta fi daraja ita ce ta jar akuya, wadda a Najeriya ake ce wa ta Sakkwato. Nan fa gardama ta tashi, domin baƙonmu ya rantse cewa a ƙasarsu sunanta jar akuyar Maraɗi, kuma gaskiyarsa ne, haka take a littattafansu. Akuya ɗaya ce, iyaka ce ta ba ta suna biyu.

A Challawa aikin ɗaya ne amma da inji. Fatun awaki da tumaki suna zuwa da gishiri, a jiƙa, a cire gashi da farar ƙasa da sinadari, a kankare nama, sannan a zuba su a wasu manyan ganguna masu juyawa tare da gishirin kuromiyam. Abin da bagaruwa ke yi a kwanaki, shi yana yi a sa'o'i, fatar ta fito da launin shuɗi-shuɗi. Daga nan a daidaita kaurinta, a rina, a busar, a goge, a auna da ƙafa. Yawancinta Italiya da Sifen take tafiya, inda za a ɗinka jaka ko takalmi a sa sunan wani kamfanin can, kuɗinta ya ninka ba adadi. Labarin fatar Maroko bai ƙare ba ke nan, jirgi ne kawai ya karɓi raƙumi. Ƙirgin saniya kuwa kaɗan ne ke isa majema, tunda mun cinye shi ganda.

Dole mu faɗi abin da hanci ya ji. Tun kafin ka ga majema za ka san ka iso, kuma ruwan da ke bin kwatocin unguwar wani lokaci baƙi ne, wani lokaci shuɗi. Ruwan masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai. A bakin waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke ban-ruwa da shi, latas da kabeji da alayyafo, kuma kasuwannin gari suke kawowa. Masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna rubutu a kan kuromiyam da sauran ƙarafan da ke cikin ruwan nan. Mun tsaya mun gaisa da wani mai lambu, ya ce shi da rani ba shi da wani ruwan sai wannan. Wasu za su ce bai kamata a nuna wa baƙo irin wannan ba. Mu muna ganin ɗalibin kimiyya ko na aikin lafiya da ya tsaya a bakin rafin nan minti goma ya samu abin da zai rubuta kundin kammala karatunsa a kai, maimakon ya kwafo na wani.

Challawa ba fata kaɗai ba ce. Kamfanin Coca-Cola yana da masana'anta a nan, haka Mamuda masu Pop Cola, da masaƙar ATM. A bakin kogin akwai tsohon gidan ruwa da aka gina da kuɗin baitulmalin En'e a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda daga nan birnin Kano ya fara shan ruwan famfo. Ba a shiga sai da izini, amma ana iya tsayawa a gaɓa a kalli masu haƙar yashi da masu wanki. Can gaba kaɗan, a Zawaciki, akwai tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a watan Janairun 2023, inda ake son kwantena ta riƙa zuwa kai-tsaye ba sai ta kwana a Legas ba. Baƙonmu ya fi mu murna da wannan, saboda layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ya ce ran da aka gama, butarsa a jirgi za ta riƙa zuwa.

Mun dawo gida bayan magariba, kayanmu suna warin majema, Hajiyar abokinmu ta ce kada wanda ya shigar mata ɗaki sai ya yi wanka. Da safe muka raka baƙon tashar Ƙofar Ruwa. A jakarsa akwai hular da ya saya a Kurmi, da jar fata guda daga Ƙofar Wambai, butar kuma ya rataye ta a hannu, ya ƙi yarda a sa ta a but kada a danne. Mu kuma mun rubuta takarda da sunan ƙungiyar ɗalibai 'yan Kano ta makarantarmu, muna neman a bar mutum ashirin su shiga majema ɗaya da masaƙa ɗaya a hutu mai zuwa, mun kuma koma wajen Baba mai gadi da waya mai caji, ya ce mu zo ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin ba motoci.